Yadda za a ceto tsohon fim ɗin gida kafin danshin Akra ya cinye shi

A watan Agusta na 1938 wani Bayahude mazaunin Amurka, David Kurtz, ya ziyarci garin Nasielsk a ƙasar Polan, ya ɗauki fim na kusan minti uku: yara na turereniya gaban kyamara, manya na fitowa daga wurin ibada. Yahudawan garin sun kai kimanin 3,000, waɗanda suka tsira daga kisan kiyashin ƴan Nazi ba su kai 100 ba. Sai a 2009 jikansa ya tsinci fim ɗin a Florida, ya riga ya fara lalacewa, ya miƙa shi ga gidan tarihin Holokos, wato wannan kisan kiyashi, da ke Washington. Gwangwanin irin wannan fim na iya kasancewa ƙarƙashin gadon kaka a unguwar Nima ko Mamobi a Akra, ɗauke da bikin suna ko dawowar alhazai.

Da farko auna faɗin zaren fim ɗin. Mai milimita 16 ya fito a 1923, mai milimita 8 a 1932, Super 8 kuma a 1965. Dukansu ba sa kama wuta kamar tsohon fim ɗin silima mai milimita 35, sai dai suna da nasu ciwon. Buɗe gwangwanin ka shinshina. In ka ji tsami kamar na binega, sinadarin zaren ne ya fara ruɓewa, kuma tururinsa yana harbin na kusa da shi, don haka a ware shi nan take. Wannan ciwon ba ya warkewa, sanyi ne kawai ke rage masa gudu.

Kada ka saka shi a majigi, ko da dangi sun matsa. Tsohon zare yana motsewa, ƴan ramukan gefensa su daina dacewa da haƙoran na'ura, cikin daƙiƙa kaɗan sai ta yayyaga shi. A riƙe shi ta gefe da safar hannu ta auduga. Fumfuna kuwa, kada ruwa ya taɓa ta, domin zai kwashe hoton gaba ɗaya.

Ajiya a nan ita ce matsala. Danshin da fim ke so kashi 30 zuwa 50 ne cikin ɗari, na bakin teku ya wuce haka nesa. A sauya gwangwanin da ya yi tsatsa, a kwantar da fim ɗin, a sa cikin leda mai zif biyu tare da ƙunshin silika, irin na cikin kwalin sabon takalmi. Firji yana taimakawa, amma in unguwarku ana yawan dumso, wato ɗauke wuta, ɗaki mafi sanyi ya fi, saboda hawa da saukar zafi na tara raɓa. In an ciro daga firji, a bar ledar a rufe har kwana ɗaya.

Wajen mayarwa kwamfuta, nemi mai ɗaukar hoton zaren ɗaya bayan ɗaya, ban da mai haskawa a bango ya ɗauka da waya. Ka ce masa Super 8 marar sauti galibi hoto 18 ne a daƙiƙa, in ba haka ba mutane za su riƙa sassarfa. A yi kwafi uku, ɗaya ya tafi wurin ɗan'uwa a Kumasi, kuma kada a jefar da na asalin.

Sannan sunaye. Fim ɗin Nasielsk ya samu masu suna ne bayan wata mata ta gane fuskar kakanta yana yaro, shi kuma ya gane wasu. A zaunar da Hajiya gaban allo, a tsayar da hoton: "Hajiya, wannan mai jar hular fa?" A rubuta sunan, da minti da daƙiƙar da ya bayyana, da sunan gidansu a zango.