A asibitin yara kada ku ce "da sauƙi"

'Yan'uwa sababbin zuwa, a watan nan kaɗai iyali biyu na raka asibiti a nan Bronx da ke birnin New York na Amurka, kuma dukansu kuskuren da na yi shekarun baya suka maimaita a gaban idona. Shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa, rigar sanyi, shagon naman halal, masallacin da ake wa'azi da Hausa, duk cikin sati biyu za ku gane. Mutanenmu na Ghana da Nijar da Najeriya ba sa barin baƙo ya kwana da yunwa, kuma ina alfahari da su. Amma inshorar lafiyar yara ku yi ta kafin ku sayi katifa. A jihar New York akwai Child Health Plus, yana ɗaukar yaron da bai kai shekara 19 ba ko da takardun zama ba su kammala ba. Na gaji da jin "ai yaron lafiyarsa ƙalau". Nawa ma ƙalau yake, har ranar da uwarsa tana masa wanka ta ji ƙullutu a gefen cikinsa.

Ciwon dajin ƙoda ne, wanda likitoci ke kira Wilms, mai kama ƙananan yara. Shekararsa biyar aka cire masa ƙoda ɗaya. Washegarin tiyata nas ta zo da kati mai fuskoki shida, daga mai murmushi zuwa mai kuka, da lamba 0, 2, 4, 6, 8, 10 a ƙarƙashinsu. Ma'aunin Wong-Baker ke nan, ana amfani da shi ga yara daga shekara uku. Ta ce ya nuna wadda ta yi daidai da abin da yake ji. Yaron ya dube ni, ni da na saba gaya masa namiji ba ya kuka, sai ya ɗora yatsa a kan 2. Ta juyo gare ni, na ce da sauƙi, kamar yadda kowane Bahaushe zai ce ko da rai na hannun Allah. Ta rubuta abin da muka faɗa ta wuce.

Daren nan ba zan manta shi ba. Yana ta gumi, ya damƙe ƙarfen gado, numfashi sama-sama don kada ɗinkin ya motsa. Daga baya aka yi mini bayani cewa yaron da aka yanka a ciki, in zafi ya hana shi jan numfashi sosai da tari da tashi ya taka, majina na taruwa a huhu, warkewa ta yi jinkiri. Dauriyar da na koya masa ita ta hana shi magani.

A gadon da ke kusa akwai wata yarinya 'yar Jamhuriyar Dominika, ita ma tiyatar ciwon daji aka yi mata. Uwarta ba ta jin Turanci ko kaɗan, amma an ba su kwamfutar hannu mai tambaya da Sifaniyanci da Turanci: hoton jikin mutum, yarinya ta taɓa inda ke ciwo, ta zaɓi fuska, ta faɗi ko ciwon ya hana ta barci. Uwar na karantawa da harshenta, nas na gani da nata. Fiye da rabin mutanen Bronx masu asalin ƙasashen Sifaniyanci ne, kuma sun daɗe suna fafutuka kafin a kai ga haka. Matar nan ce ta lura da ɗana, ta yi mini nuni da hannu in danna maɓallin kiran nas. Allah ya saka mata da alheri.

Mu ba a ba mu irin wannan na'ura da Hausa ba, amma muna da haƙƙin tafinta kyauta. Asibitin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya wajibi ne ya samar, bisa dokar haƙƙin jama'a ta 1964. Ku ce Hausa, za a kira ta waya. In Hausar tafintan ta bambanta da taku har kuna kuskuren fahimta, ku nemi a canza. Kada ku mai da babbar 'yarku tafinta, yarinya ba za ta iya gaya wa ubanta labarin ciwon ƙaninta dalla-dalla ba. Kuma ku yi amfani da arzikin harshenmu: zogi daban, raɗaɗi daban, suka daban, murɗawa daban. Ku tambayi yaron wanne ne, tafinta ya isar, ku kuma gaya masa a fili cewa nuna fuskar kuka ba ragwantaka ba ce.

Jaririn da bai iya magana ba, nas na duba fuskarsa da ƙafafunsa da motsinsa da kukansa da ko yana rarrasuwa. Uwa ta fi kowa sanin kukan ɗanta, don haka ki buɗe baki, kada kunya ta hana ki.

Ranar sallama kada ku sa hannu a takarda sai tafinta ya karanta muku. Farasitamol a nan Tylenol ne, ana auna shi da sirinjin da aka ba ku gwargwadon nauyin yaro, ba da cokalin shayi ba. Mai ciwon daji kuwa ba a ba shi sai da izinin likita, don yana ɓoye zazzaɓi. In ma'aunin zafin jiki ya nuna 100.4, wato 38 a lissafin gida, ku kira asibiti ko da ƙarfe biyu na dare ne. Jiƙo ko habbatus sauda da kaka ta aiko, ku nuna wa likita kwalbar kafin yaro ya sha.