In za ka Kaduna daga Bauchi ko Gombe, ga yadda za ka zaga garin

Yawancin mutanenmu in sun je Kaduna daga tasha sai kasuwar Gumi ko Kasuwar Barci, su yi sari su juyo wai sun ga gari. Wallahi da saura.

Ka yi sammako ka bi ta Jos, Saminaka, Pambeguwa har ka ɓullo Mararrabar Jos ka faɗa Kawo, 'yan Gombe kam sai ku ƙara sammakon tunda sai kun ratsa Bauchi tukunna. Ranar ka huta kawai.

Washegari ka fara da Arewa House a titin Rabah, gidan Sardauna ne, nan sojoji suka kashe shi ranar 15 ga Janairun 1966, yanzu cibiyar tarihi ce ƙarƙashin ABU, akwai hotuna da tsofaffin takardu, ka ba wajen lokaci sosai. Lugard Hall kuma majalisar dokokin jiha ce a ciki, ka kalli ƙubbar daga waje, dan Allah kar ka zaro waya gaban jami'an tsaro ba ka tambaya ba.

Daga nan sai Gamji, wurin shaƙatawa a bakin kogin Kaduna. Akwai wata 'yar siririyar gadar ƙarfe ta masu tafiya a ƙasa, a Zungeru aka gina ta a 1904 zamanin Lugga, a 1954 aka kwance ta aka kawo nan aka sake ɗaurawa.

Amma ni a wajena in ba ka haye kogi ka je Kakuri ba to ba ka san garin ba. Ka tari keke Napep, ku yi ciniki kafin ka hau, ka ce ya zaga da kai layin masaƙu. Masaƙar KTL (Kaduna Textiles) ta fara aiki a 1957, masaƙar UNTL (United Nigerian Textiles) ta biyo baya, kamfanin haɗa Peugeot ya zo a 1975, a lokacin dubban mutane ke cin abinci a nan, kuma auduga irin wadda ake gurzawa a da a BCGA, kamfanin gurzar auduga na Gombe, ita ce abincin injinan masaƙun. Rashin wuta da atamfar fasa-ƙwauri suka durƙusar da masaƙun, yau sai dogayen katangu da ƙofofi masu tsatsa, ciyawa ta cinye harabar. In ka ga dattijo zaune wajen mai shayi ka gaishe shi da kyau, ka ce Baba ya aikin masaƙa yake a da, da yawansu tsofaffin ma'aikata ne, ka dai biya masa shayin.

Komawa gida kuma motar safe za ka shiga, kar dare ya yi maka a hanyar Pambeguwa.