Tawul ɗaya ya isa, ga masu zaman seiza

'Yan uwa masu karate, judo da aikido, ga dabarar da ta taimake ni.

Kafin ka durƙusa zaman seiza, wato durƙuso irin na Japanawa da ake ɗora mazaunai kan dugadugai, naɗe ƙaramin tawul ka sa tsakanin dugaduganka da mazaunanka. Ba sai ka sayi ɗan bencin katakon nan da ake yi don zaman seiza ba.

A seiza gwiwa kan lanƙwashe har ƙarshe, nauyinka ya danne ta. Tawul ɗin zai ɗaga ka kaɗan, matsin ya ragu. Ni a da, minti 2 kan tatami, wato tabarmar wurin atisaye, ƙafata ta mutu, in tashi ina ɗingishi. Yanzu ina zaune har malam ya gama bayani.

Ka riƙa gwadawa a gida, kana rage kaurin naɗin sannu a hankali.

Amma don Allah, in zafin kamar sukar allura yake cikin gwiwa, ko ta kumbura, ko tana maƙalewa, tawul ba zai yi maka magani ba. Nemi izinin malam ka zauna ka harɗe ƙafa, sannan ka ga likita.

A shikko na aikido kuwa, wato tafiya kan gwiwa, tawul ɗin zamewa zai yi tun takun farko.