Babi na 9: Ɗaura geji a mota da gano abinda ke shanye batir cikin dare

Toh jama'a, a babin da ya wuce mun koyi karanta lambobi masu ɗigo a tsakiya irin su 12.6 da 0.5, yau kuma zamu kai wannan karatun cikin mota, tunda da yawa daga cikin masu zuwa ajin nan direbobi ne ko yaran mota ko masu koyon rewaya a Farin Gada da Dilimi, kuma na san babu wanda bai taɓa tura mota da asuba a sanyin Jos ba.

Akwai wani dattijo a ajinmu da yake jan Golf daga tashar Bauchi Road zuwa Bauchi. Allurar zafi ta dashbod ɗinsa ta daɗe da mutuwa, sai ya sayi geji biyu, ɗaya na zafin inji ɗaya na batir, wani yaro ya ɗaura masa a tsaye cikin ɗan lokaci. Sayen gejin dabara ce mai kyau, duk wanda ya taɓa hawa Hawan Kibo da kaya ya san cewa tuƙi babu gejin zafi kasada ce, kafin ka ankara gasket ya ƙone. Bayan 'yan kwanaki aka yi masa rasuwa a Kano ya tafi ya yi sati, ya dawo ya murɗa makulli sai ƙas ƙas ƙas, motar ko tari bata yi ba. Ya zo aji ransa a ɓace yace min "Malam batirin nan ko shekara bai yi ba, cutata aka yi." Nace "Baba kafin ku koma wajen mai batir, in kun fito alwalar asuba kun taɓa leƙa cikin motar?" Yayi shiru, sannan yace ai kuwa gejin nan kullum a kunne suke kamar idon mage.

Bari mu fara da ɗaurawar, don daga nan matsalar ta faro. Gejin batir yawanci waya biyu ne ko uku, na zafi kuma uku ko huɗu. Ja ita ce ke kawo wuta. Baƙa tana zuwa jikin ƙarfen mota, wato negatif. In akwai ta uku mai ruwan lemo ko fara to sau da yawa ta ƙwan cikin gejin ce, ana haɗa ta da layin ƙananan fitilu don ta kama sai ka kunna fitila da daddare. A gejin zafi akwai wadda ke tafiya wajen sensa, wato ɗan abin da ke jin zafin ruwan inji. Amma dan Allah karanta takardar da ta zo cikin kwalin, kamfani kamfani ne kuma launi yana canzawa, ai amfanin karatun da muke yi kenan.

Jar wayar nan ita ce zan daɗe a kai. A cikin mota wuta iri biyu ce, akwai wadda take nan kullum ko makulli yana aljihunka, kamar ta fitilar cikin mota da ta hazad, akwai kuma wadda bata zuwa sai ka murɗa makulli. Geji na biyun yake so. Yaron da ya yi wa Baba aiki ya jawo wuta ne daga bayan gidan laita inda ake cajin waya, saboda nan ya fi kusa da hannunsa, kuma a wasu motocin laitar tana mutuwa da makulli, a wasu kuma tana nan da wuta dare da rana, ta Baba irin ta biyun ce. Saboda haka kar ka yi zato, gwada. Ka samu ƙwan gwaji irin na 'yan rewaya, ka maƙale kan wayarsa a noti mai tsabta a jikin ƙarfe, ka buɗe akwatin fis ka riƙa taɓa ɗan ƙarfen da ke leƙowa a bayan kowane fis. Wanda ƙwan ya kama alhali makulli yana waje ba naka bane, wuce shi. Wanda bai kama ba sai da ka murɗa makulli, kuma ka kashe ya mutu, to shi ne. Ka zaɓi na rediyo ko makamancinsa, ka bar na birki da na birenbos, wato kwamfutar mota, kuma duk soket ko wayar da ka gani rawaya a ƙarƙashin sitiyari ko kujera kar ka taɓa ta, galibi ta iyabag ce, jakar iskar da ke fitowa in an yi haɗari.

In ka gano layin sai ka kashe mota, ka sa sifana ka cire kan batir na negatif, mai alamar ragewa. Shi ake fara cirewa kuma shi ake mayarwa a ƙarshe, saboda in ka fara da mai alamar tarawa sifana ta taɓa jikin mota tartsatsi zai tashi, yana iya ƙona maka hannu. Jar wayar ka sa mata ɗan fis nata, mai amp 2 ko 3 (amp shi ne ma'aunin yawan wutar da ke gudana a waya), kusa da inda ka ɗebi wutar. Wallahi wannan ɗan fis ɗin da ba shi da tsada shi ne tsakaninka da gobara, kuma abinda wasu ke yi na naɗe fis da zaren waya ko takardar sigari in ya ƙone, ku daina. Baƙar wayar kuma a ɗaure ta da noti a ƙarfe tsirara, ka kankare fenti da tsatsa tukun, in ta yi sako-sako geji zai riƙa rawa yana baka lambar ƙarya. Haɗin waya a murɗe shi da kyau a naɗe da salatif, in da halin dalma ya fi.

Sensa ta zafi ana ɗaura ta ne inji yana sanyi, kar ka kuskura ka buɗe lagireto da zafi. Mafi yawa ana yanka tiyon sama na lagireto a sa wani ɗan bututun ƙarfe a tsakani, sensar ta zauna a cikinsa. Abinda ake yawan mantawa shi ne sensa mai waya ɗaya ta jikinta take samun negatif, tunda kuwa bututun yana tsakanin roba da roba dole ka ja masa waya zuwa jikin inji, in ba haka ba allura bazata motsa ba kace gejin jabu ne. Wayar ka shigo da ita ta ramin da ke da roba a bangon da ya raba inji da cikin mota, nesa da salansa da fanbel.

Yanzu karatun lambobi. Batir mai lafiya da ya huta, inji a kashe, zai nuna wajen 12.6 a gejin batir. In ka ga 12.2 ya kai rabi, in ya sauka ƙasa da 12 to ya kusa ƙarewa. Ka tada mota lambar ta hau tsakanin 13.8 da 14.5, alamar altaneta tana caji kenan. In inji yana aiki amma lambar tana nan a 12 ko tana sauka to caji baya shiga, duba fanbel da altaneta. In ta wuce 15 kuma caji ya yi yawa, zai dafa batir. Da wannan gejin babu dalilin da zai sa wani ya cire maka kan batir mota tana aiki wai don ya gwada caji, na sha ganin ana yi a gareji kuma raina yana ɓaci, a motocin yanzu hakan yana iya ƙona birenbos ko ita altanetar kanta.

To in batir yana kwana lafiya ya tashi a mace fa? Ga yadda muka yi da motar Baba a ƙofar aji. Bayan an caja batirin mun kashe komai, mun cire makulli, mun rufe ƙofofi saboda fitilar ciki. Mun ɗauko mitar gwaji muka juya ta zuwa 10A, wato wajen auna amp, jar igiyarta muka mayar ramin da aka rubuta 10A. Muka cire kan negatif, igiya ɗaya a kan batir ɗaya a kan wayar da muka cire, ta yadda duk wutar da motar ke sha sai ta bi ta cikin mita. A haka kar wanda ya murɗa makulli ko ya kunna babbar fitila, mitar zata ƙone. Sababbin motoci sai an jira su minti 20 zuwa 30 kafin na'urorinsu su yi barci, in kayi gaggawa zaka ga lamba babba ka tsorata a banza. Mota mai lafiya tana shan amp 0.05 ko ƙasa da haka, don agogo da ajiyar tashoshin rediyo. Ta Baba ta nuna 0.22. Sai muka fara zare fis ɗaya bayan ɗaya, a zare a kalli mita a mayar, har muka zo kan na laita, muna zarewa lambar ta faɗo 0.02.

Ku ɗauko fensir mu yi lissafin tare. 0.22 a cire 0.02 saura 0.2, abinda gejin biyu da ƙwayayen fitilarsu ke sha kenan. 0.2 sau awa 24 ya bada 4.8 a kwana ɗaya. Sau kwana 7 ya bada 33.6. A jikin batirinsa an rubuta 60Ah, wato 60 ne cikinsa a wannan lissafin, kun ga sama da rabi ya tafi motar tana tsaye, ga shi lokacin hunturu ne, sanyi yana rage wa batir ƙarfi kuma man inji yana yin kauri, kik yana buƙatar wuta fiye da kullum. Direban da ke fita kullum bazai lura ba saboda altaneta tana mayar da abinda aka sha, sai ranar da motar ta kwana biyu a ajiye.

Ba kullum geji bane. Fitilar but da bata mutuwa, rediyo ko amfilifaya da aka haɗa kai tsaye da batir, tiraka mai nuna inda mota take, duk suna yi. In ka zare fis duka lambar bata sauka ba ka cire wayoyin bayan altaneta ka sake gwadawa, wani ɗan abu a cikinta da ake ce wa dayod in ya lalace yana barin wuta ta riƙa komawa baya. In kuma mita ta nuna babu mai sha amma batir yana sauka da kansa to nan ne zaka koma wajen mai batir da hujjarka. Ka kuma duba farin garin nan da ke taruwa a kan batir, a wanke shi da ruwan zafi a goge a ɗaure tam, kar ya taɓa ido ko riga.

Aikin gida: gobe da safe kafin ka tada mota rubuta lambar da batir ya nuna, ka tada ka sake rubutawa, kayi haka kwana uku a jere a littafinka. Wanda bashi da mota ya bi abokin zamansa na aji. Sannan ka lissafa min, in mota tana shan 0.3 tana tsaye, nawa zata sha a kwana 4? Ku zo da amsar ranar Asabar bayan la'asar, Baba yace zai kawo motar kowa ya riƙe mita da hannunsa.