Kurakuran da masu ciwon suga ke yi da ƙwayoyin da ke narkewa a hankali cikin hanji

Duba kwalin maganinka. Idan bayan sunan ka ga haruffa irin su XR, SR, ER ko MR, an ƙera ƙwayar ne ta riƙa sakin magani kaɗan-kaɗan tsawon awanni. Idan kuma EC ne, an lulluɓe ta da wani bawo da ba ya narkewa a tumbi sai ta gangara hanji. Wasu daga cikin matsalolin da masu ciwon suga ke kawowa asibiti kan waɗannan magunguna daga lalata wannan ƙira suke tasowa.

Babban kuskure shi ne dakawa ko taunawa. Ƙwayar metformin XR tana da girma, tsofaffi kan ce ta tsaya musu a maƙogwaro, sai 'ya'ya su niƙa ta da cokali su zuba a koko ko kunu. Tausayi ne, amma ɓarna ce. An cakuɗa maganin ne da wani sinadari mai kumbura idan ya sha ruwa, kamar yadda ƙaro ke yi in an jiƙa shi, sai maganin ya riƙa tsatsowa ta cikinsa sannu a hankali. Shi ya sa metformin na yau da kullum ke kai ƙololuwarsa a jini cikin awa 2 zuwa 3, XR kuwa sai wajen awa 7. In aka niƙa, abin da ya kamata ya fita cikin yini ya fita a lokaci guda: tashin zuciya, murɗar ciki da zawo su biyo baya, sannan kafin gari ya waye ƙarfin maganin ya ƙare.

Da gliclazide MR, wanda aka fi sani da Diamicron MR, abin ya fi haka muni. Shi yana matsa wa jiki ne ya fitar da insulin, don haka niƙa shi na iya faɗar da suga ƙasa warwas, mutum ya kama gumi da karkarwa, wani har ya suma. Ƙwayar 60 mg tana da tsaga a tsakiya, ana iya ɓalla ta biyu daidai kan tsagar, amma kowane ɓari a haɗiye shi yadda yake. Mai shan metformin XR da haɗiya ke ba shi wahala kuwa ya faɗa wa likita a canza masa zuwa metformin na yau da kullum, wanda za a iya niƙawa, a kuma sake raba masa awon.

Sai kuma ɓawon da ake gani a bayan gida. Mutane da dama kan tarar da wani abu mai siffar ƙwaya ya fito, su ɗauka maganin bai narke ba ko jabu ne, su ƙara shan wata. Kada a ƙara. Fankon gidan ne kawai, maganin ya riga ya fita. Ana ganin haka da metformin XR da kuma glipizide XL, wanda ke da ɗan ƙaramin huji da ruwa ke tura maganin ta cikinsa. Abin da zai nuna ko magani na aiki shi ne awon suga a na'ura.

Lokacin sha ma ana yawan kuskure shi, domin kowanne da ƙa'idarsa. Metformin XR da abincin dare ake shan sa, abinci na ƙara yawan abin da hanji ke tsotsa, yana kuma rage damun ciki. Ana farawa da 500 mg, a ƙara a hankali bayan mako ɗaya ko biyu, ba a wuce 2,000 mg a rana. Wanda ya fara da babban awo don gaggawar ganin sakamako, zawo ne zai sa ya watsar da maganin gaba ɗaya. Gliclazide MR da karin kumallo ake sha, kuma wanda ya sha ya fita kasuwa ba tare da ya karya ba ya sayi faɗuwar suga da kuɗinsa. In an manta na jiya, ba a haɗa biyu yau.

Acarbose shi a cikin hanji yake aikinsa, yana tare sinadaran da ke farfasa sitaci, don haka da lomar farko ta tuwo ko shinkafa ake shan sa. Bayan an wanke hannu ba shi da sauran amfani. Ga abin da iyalai da yawa ba su sani ba: idan mai shan acarbose tare da insulin ko gliclazide ya samu faɗuwar suga, wato ƙasa da 70 mg/dL ko 3.9 mmol/L, sukarin shayi ba zai tashe shi da wuri ba, domin maganin ya hana hanji farfasa shi. Garin gulukos ake ba shi, gram 15 a ruwa, a sake awo bayan minti 15. Ya kamata gwangwaninsa ya kasance a gidan.

Rybelsus, wani maganin ciwon suga na haɗiya wanda aka amince da shi a Amurka a 2019, ya saba wa sauran. A tumbi ake tsotse shi, kuma ɗan kaɗan ne ƙwarai ke shiga jini ko da an bi ƙa'ida. Da ciki wayam ake sha, da ruwa zalla wanda bai wuce mililita 120 ba, kusan rabin kofi, sannan a jira minti 30 kafin shayi, abinci ko wani magani. Mai kora shi da shayi ya yi asarar kuɗi masu yawa. A bar shi cikin ainihin mazubinsa, danshi na lalata shi.

Kanwa ma tana da nata. Ruwan tumbi mai tsami ne sosai, ma'auninsa na pH tsakanin 1.5 da 3.5, bawon EC kuwa sai tsamin ya ragu ya kai wajen 5.5 yake narkewa, abin da ke faruwa a farkon ƙaramin hanji. Jiƙon kanwa ko maganin ƙwarnafi na kashe wannan tsami, sai bawon ya buɗe tun a tumbi. Masu ciwon suga da aka ɗora kan asfirin mai bawo su lura, a bar tazarar awa 2 tsakani.

A kemis na unguwa, in XR ya yanke, wani lokaci a miƙo maka na yau da kullum a ce ai duk ɗaya ne. Sinadarin ɗaya ne, yadda ake raba shi a yini ne ya bambanta, don haka canji sai da sanin likita ko ƙwararren mai harhaɗa magani. Kada a karɓi ƙwayoyi tsirara a ƙullin leda, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Mafi yawansu ana so a adana su ƙasa da digiri 30, zafin Kaduna kuwa a Maris da Afrilu ya kan zarce haka nesa ba kusa ba, balle cikin mota ko ɗaki mai rufin kwano. Da damina kuma laima ce abokiyar gaba.

Duk wanda ya tallata maka kafson insulin na haɗiya, riƙe kuɗinka. Insulin furotin ne, ciki na narkar da shi kamar yadda yake narkar da nama. Tun bayan gano shi a 1921 ake neman hanyar tsallakar da shi zuwa hanji lafiya, kuma babban gwajin da kamfanin Oramed ya yi bai yi nasara ba a farkon 2023. Wanda ke kan allura kada ya ajiye ta.

Da azumi, metformin XR ana mayar da shi lokacin buɗa-baki. Gliclazide kuma sai an zauna da likita tun cikin Sha'aban, shan sa da sahur na iya faɗar da suga da rana tsaka. Idan amai da gudawa suka kama mutum har jiki ya fara bushewa, a dakatar da metformin a garzaya asibiti, saboda ƙoda ba za ta iya fitar da shi ba a wannan hali. Wanda ya shekara huɗu ko fiye yana sha ya nemi a auna masa bitamin B12, musamman in ƙafa ta fara dindiris, a kuma duba ƙoda aƙalla sau ɗaya a shekara. Ana iya neman waɗannan gwaje-gwaje a manyan asibitoci irin su Barau Dikko ko na koyarwa da ke Shika. In awon eGFR, wato na ƙarfin aikin ƙoda, ya sauka ƙasa da 30, an daina metformin ke nan, kowane iri ne.