Babi na Shida: Zaɓen Firintar Gida Mai Arhar Tawada

Darasi na Ɗaya: Tambayar Farko

Idan kun shiga shagon kayan kwamfuta, kada ku fara da tambayar kuɗin firinta, domin firinta sau ɗaya ake sayenta, tawada kuwa za ku yi ta saye muddin na'urar tana aiki. Ku ce wa mai shago: "Malam, wace tawada take sha, nawa ne kuɗinta, kuma shafi nawa take bugawa kafin ta ƙare?" Ku rubuta amsa a littafinku tun kuna tsaye a wurin.

Firinta iri uku za a nuna muku. Akwai mai ƙaramin kwanson tawada da ake cirewa a sa sabo, akwai mai tanki a gefe da ake ɗura wa tawada daga kwalba, sannan akwai ta lesa, wadda hoda take amfani da ita.

Darasi na Biyu: Kuɗin Shafi Ɗaya

A nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe, saboda haka mu bi a hankali. Ku buɗe kalkuleta a wayarku. Ku fara danna kuɗin tawada, sannan alamar rabawa, wato ɗan layin nan mai ɗigo a sama da ɗigo a ƙasa, sannan yawan shafuka. Kuɗi ne farko, shafuka daga baya.

Baƙin kwanso mai lamba HP 123 yana buga shafi wajen 120. Kwalbar baƙar tawada ta Epson mai lamba 103 tana kai shafi 4,500, hodar HP 85A kuma shafi 1,600. Farashin da ke tafe na gwaji ne kawai, ku kuwa na kasuwarku za ku sa. A ce kwanson nan Naira 12,000 ne. Ku danna 12000, ku danna rabawa, ku danna 120. Amsa 100 ce, wato kowane shafi ya ci muku Naira 100. Wanda ya ga 0.01 ya juya lambobin ne, kada ya ji kunya, ya goge ya sake, ya fara da kuɗi.

Yanzu a ce kwalbar Naira 9,000 ce. Me za a fara dannawa? Kuɗi. 9000, rabawa, 4500, sai ga Naira 2. Hodar kuma a ce Naira 16,000 ce: kuɗi tukuna, sannan 1600, amsa Naira 10. Madalla. Kun ga mai tanki, duk da ta fi mai kwanso tsada ranar saye, ita ce mai arha ga gidan da yara ke buga aikin makaranta kullum.

Ku sani cewa kamfanoni da shafin rubutu mara cunkoso suke auna waɗannan lambobi, don haka hotuna za su shanye tawada da wuri.

Har yanzu akwai masu fara danna shafuka, alhali an faɗa an sake faɗa. Wannan ba wuyar lissafi ba ce, gaggawa ce da rashin sauraro, kuma mai shago ba zai gyara muku ba. Ku maimaita misalan nan uku a gida kafin zama na gaba, kuɗi a farko.

Darasi na Uku: Bushewa da Wuta

Tawadar ruwa takan bushe ta toshe kan firinta, wato wurin da tawada ke fitowa, idan an daɗe ba a buga komai ba, don haka a buga ko shafi ɗaya ne kowane mako, a kuma rufe ta da ƙyalle lokacin hunturu. Hoda ba ta bushewa, amma firintar lesa tana jan wuta sosai, ƙaramar inbata ba lalle ta ɗauke ta ba.

Darasi na Huɗu: Kafin Biya

Ku tabbatar ana sayar da tawadar a garinku, kuma a buga muku shafin gwaji. Ku karɓi rasit.