Ɗigar fitsari ga mai ciki: abin da ke jawo ta da yadda za ki rage ta

Mai ciki ta yi atishawa, ko ta fashe da dariya a gidan suna, sai ta ji zane ya ɗan jiƙe. Da yawa ba sa gaya wa kowa, ko a wajen awo, saboda kunya da tsoron kada a ce yoyon fitsari ne. Ba shi ba ne. Yoyon fitsari, wanda ake yi wa aiki a asibitin Babbar Ruga nan Katsina, huda ce tsakanin mafitsara da gaban mace, yawanci bayan doguwar naƙuda, kuma fitsarin zuba yake dare da rana. Ita wannan ɗigar babu huda a cikinta, kuma tana samun kusan mata 4 cikin 10 masu juna biyu.

A ƙasan mara akwai tsokoki da ke riƙe da mafitsara da mahaifa da dubura, kamar yadda ragaya ke riƙe ƙwarya. Sinadaran da jiki ke fitarwa lokacin ciki suna sassauta su don haihuwa ta zo da sauƙi, ga kuma nauyin jariri yana danna mafitsara, musamman daga wata 7. Idan tari ko ɗaga kaya ya ƙara matsi daga sama, sai bakin mafitsara ya kasa riƙewa.

Wasu dalilan ba a hannunki suke ba. Wadda ta haihu sau da yawa, musamman a kusa-kusa, ta fi mai cikin fari shiga haɗari. Haka wadda ta taɓa doguwar naƙuda, ko ta haifi jaririn da ya haura kilo 4, ko mai cikin tagwaye, ko wadda ta wuce shekara 35. Idan mahaifiyarki ko 'yar'uwarki na fama da ita, ko ke ma kina ɗiga tun kafin cikin, ki faɗa wa ungozoma a awon farko.

Sauran kuwa kina da ta cewa a kansu, kuma su suka fi buƙatar bayani.

Taurin bayan gida shi ne wanda aka fi rainawa. Yunƙuri a masai kullum yana miƙe waɗannan tsokoki, kuma hanji cike yana takura mafitsara. Ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa a awo takan ƙara taurin, amma kada ki daina sha, domin ƙarancin jini ya fi wannan haɗari nesa ba kusa ba. Ki yawaita miyar kuɓewa da zogale da rama, da wake, da gwanda ko lemu, kuma kada ki danne bayan gida idan ya matsa. Idan bai saki ba, a rubuta miki magani mai laushi. Ban da jiƙe-jiƙen wanke ciki.

Sai tari. Hayaƙin itace a madafi marar taga da ƙurar hunturu suna sa tari ya daɗe, kuma kowane tari bugu ne a kan mafitsara. Ki yi girki a sarari inda iska ke wucewa. Tarin da ya kai mako 2 na buƙatar gwajin asibiti. Ɗaga jarka mai lita 25, jan guga da daka mai nauyi duk matsi ɗaya suke yi, don haka a raba ruwan kashi biyu ko wani ya ɗauka. Maigida, wannan aikinka ne.

Ƙiba da ciwon suga suna ƙara matsalar. Sugan ciki yana yawaita fitsari, yana kuma sa jariri girma fiye da kima, shi ya sa gwajin fitsari da jini a awo ba ɓata lokaci ba ne. Goro da shayi mai kauri da kofi da lemon kwalba baƙi suna da sinadarin kafin, wanda ke tsokanar mafitsara. Ki rage su.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne rage shan ruwa. A zafin Afrilu da Mayu wannan cutar da kai ce: fitsari ya yi kauri, ya ƙara tsokanar mafitsara, ya buɗe ƙofa ga ciwon sanyin mafitsara, bayan gida ya ƙara tauri. Ki sha aƙalla lita 2 a yini, kaɗan-kaɗan, ki sassauta awa 2 kafin barci. Ki riƙa zuwa fitsari duk awa 2 zuwa 3, ki ɗan sunkuya gaba har ya ƙare, ba gaggawa.

Maganin farko motsa tsokokin ne, abin da ake kira atisayen Kegel, da sunan likitan Amurka Arnold Kegel da ya bayyana shi a 1948. Ki kwanta a gefen hagu ko ki zauna. Ki matse kamar mai riƙe tusa da fitsari lokaci guda, ki ja sama. Ki riƙe daƙiƙa 3 zuwa 5, ki saki na tsawon haka. A hankali ki kai daƙiƙa 10. Ki yi aƙalla sau 8 a jere, sau 3 a yini, misali bayan Asuba da La'asar da Isha, tsawon wata 3 ko fiye. Idan kika ga kina riƙe numfashi, ko cinya da ɗuwawu ne ke matsewa, ko kina turawa ƙasa, to ba daidai kike yi ba. Ɗora hannu a ciki, ya kamata ya zauna da laushi. Kada ki mayar da tsayar da fitsari ana tsakiyar yi ya zama atisaye, yana hana mafitsara zazzagewa duka. Kuma ki saba da matsewa kafin tari ko atishawa ko ɗaukar yaro.

Game da alwala da salla, fikihu ya san wannan lalura, kuma akwai sauƙi a hukuncinta. Ki tambayi malamarki. Ki sa audugar mata ko kunzugu mai tsabta, ki riƙa canzawa da ya jiƙe.

Akwai abin da ba a kwana da shi a gida. Zafi wajen fitsari, jini a cikinsa, zazzaɓi ko ciwon kwiɓi alamun ciwon sanyi ne da ka iya hawa ƙoda ko ya tayar da naƙuda kafin lokaci. Sannan ruwan faya yakan yi kama da fitsari. Fitsari yana da zarni, launinsa ɗorawa-ɗorawa, kuma yana tsayawa idan kika matse; ruwan faya fari ne tas, ba zarni, yana ci gaba da zuba ko kin matse. Idan kina shakka, ki yi fitsari, ki sa sabuwar auduga, ki kwanta minti 30, ki tashi. Idan ruwa ya sake zubowa, ko launinsa kore ne, ko cikin bai kai mako 37 ba, ki tafi asibiti mafi kusa a lokacin, ko Asibitin Turai Yar'adua idan kina cikin gari.

Bayan haihuwa ki ci gaba da atisayen a cikin jego. Idan wata 3 ya wuce ɗigar ba ta ragu ba, ko fitsari ya fara zuba ba tsayawa bayan naƙuda mai wahala, ki ga likitan mata.